Matata Ta Gama Nata

Har yau idan aka yabi mahaifina a gabana da kyauta da zumunci, shiru nake yi. Ba ƙarya ake yi masa ba. Mutum ne da ba a zuwa wurinsa a dawo hannu banza. Abin da masu yabon ba su sani ba, ko suka sani suka kau da kai, shi ne yawancin abin da yake kyautarwa ba nasa ba ne. Lokacin Inna yake rabawa.

Ƙauyenmu yana bakin fadama, tsakanin Haɗeja da Malam Madori, inda da sanyin safiya mukan jiyo kukan jirgin ƙasa. Inna, wato mahaifiyata, ba 'yar nan ba ce. Daga gabas aka auro ta, can wajen ƙasar Barno, tafiyar kwanaki a ƙafa. Tun da aka kawo ta ba ta koma ganin gida ba. Ko haihuwata, da ya kamata ta je ta yi a gaban uwarta, a tsakiyar damina ta zo, ruwa ya rufe kowace hanya. Aka sa mini sunan uwar tata, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana. Sai dai ta ce "uwata".

Mace ba ta yin wannan tafiya ita kaɗai. Hanya ɗaya ce. Fataken garinsu, masu kanwa da gishirin mangul, sukan zo da jakunansu sau ɗaya a shekara bayan ruwa ya janye. Su sayar, su sayi shinkafa da bandar kifi, su juya. Madugunsu dattijo ne, ɗan'uwan kakata na nesa, kuma a zaurenmu yake sauka. Matsalar ita ce zuwansu yana faɗawa daidai lokacin da aikin kaka ya fi yawa: ga shinkafa an yanko daga fadama tana jiran sussuka da shiƙa da turarawa, ga gyaɗa tana jiran ɓara, ga kifin da Baba ke kamowa yana jiran banda.

Da Inna ta fara roƙon a bar ta ta bi su, Baba bai hana ba. Cewa ya yi idan ta gama aikin kaka kafin su juya, ta tafi, har da ni. Na yarda da zuciya ɗaya ya faɗa. Na kuma yarda bai taɓa zaton akwai macen da za ta iya gamawa ba.

Inna ta ɗauki maganar kamar alkawarin da aka yi a gaban alƙali. Daga nan ta fara duba yininta kamar yadda mai ɗinki yake duba ƙyalle, tana neman inda ake asara. Ta lura cewa zuwa rijiya da hantsi shi ne babban ɓarawon lokacin mata, don can ake haɗuwa, a jira guga, a yi gaisuwa, a tsaya jin wa ya haihu wa ya yi yaji. Sai ta koma ɗiban ruwa da an sallame sallar asuba, lokacin da ba kowa a bakin rijiyar sai kwaɗi. Shinkafar da za ta turara gobe, tun yau da la'asar take jiƙa ta. Wutar da ta turara shinkafa ita za ta dafa tuwo, garwashinta kuma ya koma ƙarƙashin kifi. Ba ta zama tsaron tukunya hannu sake. Ko dai tana ɓarar gyaɗa, ko mazari yana juyawa a hannunta. Aikin ƙarfi da safe, aikin zaune da rana ta take. Agogonta inuwar katanga ce. Idan inuwar ta taɓo gindin turmi, duk abin da take yi za ta ajiye ta kama na gaba, ko da saura kaɗan.

Ta rage hira, ta rage zama a gidan biki. Ta je, ta yi barka, ta ajiye abin da ta kawo, ta fito. Matan unguwa suka laƙaba mata jirgin ƙasa, wai ba ta tsayawa sai a tasha, tashar ma ba ta daɗewa. Ta ji, ta yi dariya. Amma na san ya yi mata ciwo, domin mace ce mai son hira, kuma baƙuwa ce da ba ta da kowa a garin sai waɗannan matan.

A shekarar farko ta gama aikin tun fataken ma ba su iso ba. Rumbu cike, buhunan gyaɗa a jere, tsakar gida a share. Baba ya tsaya yana kallo, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Da yamma a ƙofar masallaci ƙanensa ya yi kukan cewa matarsa tana jego, shinkafarsu tana nan a dami ɓera yana ci. Baba ya ce, a gaban kowa, "Matata ta gama nata. Gobe zan turo ta."

Inna ta je. Me za ta ce? Jego ne, kuma gidan ƙanin miji. Kafin ta gama nasu, fatake sun zo sun juya. Baba ya ce ai Allah ya ga abin da ta yi, baɗi ma rana ce.

Baɗin ya zo a cikin shekarun babban yaƙin Turawa. Mu ba mu ga yaƙi ba, gyaɗa muka gani. Umarni ya sauko daga sama har ya iso wurin dagaci cewa a ƙara noma ta, a kuma kai ta tasha a ɓare da wuri. Aikin ya ninka, Inna kuma ta ƙara matse yininta. Ta daina kitso sai ya tsufa ya warware da kansa. Abincinta a tsaye take ci. Yatsunta suka tsage saboda ɓawon gyaɗa, takan shafa man shanu ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Ta sake gamawa kafin kowa. A wannan karon dagaci ne da kansa ya ce akwai gidajen da suka makara, kada a ji kunyar gari a gaban manya. Tun bai rufe baki ba Baba ya yi masa alkawari.

Haka abin ya zama al'ada. Duk wanda aikinsa ya sha kansa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Matan da suka yi hirarsu a rijiya, suka ci bikinsu har ƙarshe, su ne Inna take zuwa ta tarar suna jiranta da taɓarya. Ba na jin haushinsu sosai. Wanda nake jin haushi shi ne mutumin da yake dawowa gida fuska a sake, yana ba mu labarin yadda aka sa masa albarka.

Wata shekara madugu ya sauka da saƙo. Ya kira Inna zaure, ina tsaye a bayanta. Ya ce tsohuwa, wato kakata, ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara dushewa, kuma ta ce a gaya wa 'yarta ta zo da takwararta tun tana iya bambance fuska. Ya ce su ba za su daɗe ba, da sun ci kasuwa za su kama hanya.

A shekarar Inna ta riga ta gama komai, amma ta koyi wayo. Ta bar dami kaɗan na shinkafa a tsakar gida inda mai shigowa zai gani, don kada a ce ta gama. Kayan tafiyarmu kuwa suna ƙarƙashin gado: shinkafa turararriya, kifi mafi kyau da ta keɓe, da zaren da ta kaɗa da hannunta aka saƙa wa kakata zane. Ni ma an yi mini kitso. Na riƙa tambayarta kamannin kakata, tana cewa in bari in gani da idona.

Wayon bai yi ba, domin Baba manomi ne, ya san abin da dami kaɗan yake nufi. Ana gobe fatake za su tashi, ya shigo bayan la'asar ya ce abokinsa na ƙuruciya zazzaɓi ya kwantar da matarsa, gyaɗarsu ko taɓawa ba a yi ba, ga masu kai kaya tasha sun sa rana. Ya ce ya riga ya faɗa a gaban mutane.

Ban taɓa jin Inna ta mayar masa da magana ba sai ranar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa ta ce, "Malam, ka ce in na gama in tafi. Na gama."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na ce za ki je musu."

Ta ce, "Uwata ba ta da lafiya."

Ya ce, "Ita ma wannan ba ta da lafiya, kuma ita tana kusa. So kike in koma in ce musu na fasa? Da wane ido zan dubi mutane?"

Ya ƙara da cewa tsofaffi haka suke, kullum suna cewa sun kusa, kuma insha Allahu baɗi ko sama da ƙasa za su haɗu sai ta tafi. Da safe ta miƙa wa madugu ƙullin kifin da zanen. Dattijon ya karɓa, ya dubi Baba ya daɗe. Jakuna suka yi gabas, mu kuma muka yi gidan abokin Baba. Na yini ina kuka a gindin tulin gyaɗar mutane, da sabon kitsona. Inna ba ta yi kuka ba. Ɓara take, da saurinta na kullum, don hannun bai san wani abu ba sai shi.

Da shekara ta zagayo, fataken suka iso da wuri, aiki yana tsaka. Shinkafa tana jiƙe a tukwane, gyaɗa ko rabi ba a yi ba. Madugu bai sauke kaya ba ya nemi Baba. Daga baya aka kira Inna. Ya ajiye mata wani ɗan kaskon turaren wuta, bakinsa ya ɗan ɓalle, ya ce na tsohuwa ne. Ta rasu da damina, ruwa ya hana a aiko. Ya ce zanen ya isa hannunta, ta shafa shi ta tambayi ko yarinyar ta yi tsawo.

Baba ya yi kuka, kuka na gaske, har da shessheƙa. Nan take ya ce Inna ta ajiye komai, ta shirya, ranar da fatake za su juya ta bi su ta yi wa danginta ta'aziyya. Wani ya ce to aikin fa? Baba ya ce wane aiki, ana maganar rasuwa? Kafin azahar gidanmu ya cika da mata. Wasu sun zo gaisuwa, wasu sun zo da taɓarensu da fayafayansu. Matar ƙanin Baba ta kama shinkafa, matar abokinsa ta zauna kan gyaɗa. Suna yi suna cewa Inna ta zauna ta huta, ai ba a barin mai makoki da aiki. Dagaci ma ya aiko cewa kada a damu da tasha, za a jira.

Inna tana zaune a kan tabarma da kaskon a cinyarta, tana kallon yadda aikin da ta shekara da shekaru tana tsere da shi yake tafiya ba da ita ba. Inuwar katanga ta zo ta taɓa turmi ta wuce, ba ta motsa ba. Can ta juyo ta dube ni, ta ce a hankali, "Uwata, ashe dama aikin yana ajiyuwa."

Wannan magana ita ce gadon da na ci. Na girma, na yi aure, na riƙe gida, kuma hannun Inna na ɗauko, ina da sauri. Amma ban taɓa bari wani ya ga ƙarshen aikina ba, kuma ban taɓa yarda a ce mini sai na gama zan je inda zuciyata take ba. An kira ni mai taurin kai, na amsa. Ranar da Baba ya rasu mutane suka cika fili, kowa yana faɗin alherin da ya yi masa a shekara kaza da shekara kaza. Na san kowace shekara da suka ambata. Na san yatsun da suka tsage a cikinta. Na yi masa addu'a, domin ubana ne kuma yana sona, amma ban iya cewa amin ga yabon ba.

A waccan shekarar da aka kawo labarin rasuwar kakata, mun bi fataken, ni da Inna. Baba ya rako mu har bayan gari, yana ta jaddada wa madugu ya kula da mu. Muka bi ta gefen fadama, ƙasa ta fara tsagewa, tsuntsaye suna tashi daga sauran ruwan da ya rage. Ni ina gaba ina tsalle, don ban taɓa nisa da gida haka ba. Da na waiwaya sai na hango Inna can baya, bayan jakin ƙarshe, tana tafiya kamar mai zuwa gidan maƙwabta. Ban taɓa ganin wani ya riga ta a hanya ba sai ranar.

Madugu ya tsayar da ayari ya jira ta. Da ta iso ya ce mata, cikin lallashi, "'Yata, ki ɗan ɗaga ƙafa, zango da nisa."

Ta gyara kaskon da ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce, "Saurin me kuma, Kawu?"

Sai ya sa aka rage tafiyar jakunan.