Makon da Aka Bar Mini Makullin Sito

Kusurwar wani kwali na fara hangowa ta tagar sito, wata safiyar Litinin, ina neman inda ake ajiye alli. Satina biyu ke nan da fara koyarwa a wata firamare ta gwamnati can bayan Mahuta. Na manna fuska a jikin wayar tagar, sai na ga ashe ba ɗaya ba ne, an jera kwalaye har kusa da rufi. Ɗaya ya ɗan yage, bangon wani littafi shuɗi yana leƙowa.

Gabana ya faɗi, irin faɗuwar da na sha karantawa in budurwa ta haɗa ido da saurayi a bakin famfo. Ni a littattafan soyayya na iya karatu, ba a aji ba. A layinmu na Unguwar Mu'azu akwai wata Hajiya mai ba da hayarsu. Kowane littafi ya sha hannu har ya yi laushi kamar tsumma, ta ɗinke bayansa da basilla da zaren buhu. Wanda ya fi yagewa shi muke rububi, don mun san shi ya fi daɗi. Littafin da ya zauna fes, tausayinsa nake ji, kamar kyakkyawar da ba wanda ya taɓa yi wa sallama.

Ajina aji huɗu ne, yara cike har bakin ƙofa, ba mai littafi ko ɗaya. In rubuta a allo, su kwafa, in goge. Na baya ba sa gani, sai su kwafi kuskuren na gaba.

Na sami shugabar makarantar a ofis. Dattijuwa ce 'yar kudancin jiha, kowa Mama yake ce mata, har maigadi da ya girme ta.

"Mama, littattafan sito na waye?"

"Na yara."

"To yaushe za a ba su?"

"Shekara mai zuwa, in Allah ya yarda. Ba kya jin rediyo? Shekara mai zuwa za a gyara ilimi a duk jihar nan."

"Ai bara ma na ji."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "'Yata, kina da baki. Masu duba makarantu yadda aka kawo kaya haka suke so su tarar da shi. Yaro ya yaga shafi ɗaya, ni za a tuhuma. Saura mini shekara huɗu in yi ritaya. Ke kuwa ko tabbatar da ke a aiki ba a yi ba, ki kama kanki."

Na kama kaina wata biyu. Sai aka yi wa Mama rasuwa a ƙauyensu, za ta yi mako guda. Ta miƙo mini makullin sito saboda alli, ta ce, "Alli kawai. Kin ji ko?" Na ce na ji.

Washegari na buɗe kwali biyu na sama. Na kira yara layi-layi, kowa na ɗora masa nasa a hannu. Wata yarinya 'yar mai tuyar ƙosai ta karɓa ta kai hanci tana shinshinawa, aji ya kwashe da dariya, ta ce, "Anti, ƙamshi yake yi!" Na ce su tafi da su gida, su karanta wa duk wanda zai saurara, ko akuya ce.

Kafin Juma'a manja ya taɓa wasu, ƙanne sun yaga wasu, bango uku sun cire. Ban yi faɗa ba. Na zo da basilla da zare, muka zauna gindin mangwaro na koya musu ɗinkin da na gani wurin Hajiyar layinmu.

Ran da Mama ta dawo, tun a hanya ta gane, don ta ci karo da yara rungume da shuɗayen littattafai. Ko jaka ba ta ajiye ba ta kira ni.

"Wayyo Yesu, yarinyar nan kin kashe ni! Je ki tattaro su yanzu."

"Ba zan karɓa ba, Mama. In kina so ki shiga ajin ki karɓa da hannunki."

Ta tafi a fusace har bakin ƙofar. Ta tarar 'yar mai ƙosai a tsaye tana karatu da ƙarfi, tana bin layi da yatsa, sauran suna gyara mata in ta yi tuntuɓe. Mama ta daɗe a tsaye, hannunta a jikin ƙofa. Ta juyo ba ta shiga ba. Da ta zo wucewa ta ce, "Zan rubuta cewa ke kika buɗe." Na ce ta rubuta da jan biro.

Ba zan ɓoye ba, na yi ta mafarkin mai duba makarantun. Dogo ne a zuciyata, cikin farar shadda da farar mota, zai ji yarana suna karatu idonsa ya ciko, ya tambayi ina ne gidanmu. Wanda ya zo tsoho ne a bayan acaɓa, da mura, yana ta fyace hanci.

Sito ya fara shiga. Ya sa aka jawo kwalayen ƙasa, gindin na farko ya zube. Gara ta cinye cikinsu, sai bango da jar ƙasa. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan daga Allah ne," ya rubuta. Sannan ya shigo ajina, ya ɗauki littafi ɗaya da yatsa biyu yana kallon ɗinkin.

"Malama, wa ya ba ki izinin raba kayan gwamnati?"

"Yallaɓai, ita garar wa ya ba ta?"

Mama ta mintsine ni a baya har sai da na ji zafi a ƙashi. Amma maganar ta riga ta fita, kuma ko da ta dawo bakina zan sake faɗa.

Takardar tuhuma ta iso bayan sati biyu. Mama ta ce in rubuta layi uku na ban haƙuri a wuce wurin. Na rubuta shafi biyu, da duk kalaman da na tara a littattafan soyayya, na kwatanta yaro marar littafi da masoyin da aka hana ganin masoyiyarsa, ban saka haƙuri ko sau ɗaya ba. Aka mayar da ni wata makarantar ƙauye, mota uku daga gidanmu, aka ɗaga tabbatar da ni shekara guda. Littattafan dai suna hannun yara, ba wanda ya karɓe.

Labarin Mama daga bakin wata abokiyar aiki na ji. Saura wata uku ta yi ritaya aka kawo sababbin kwalaye. Ba ta bari an kai su sito ba, a filin makaranta ta sa aka farke su ran nan, ita ma ta sha tata takardar. Yanzu tana Kamazou tana kiwon kaji, idonta ya yi rauni, jikarta ke karanta mata saƙon waya. Na je gaishe ta da Kirsimetin bara, na tsokane ta da maganar. Ta ce ba koyi da ni ta yi ba, sito ne yake yoyo, kuma har gobe ni yarinya ce marar jin magana. Ta ƙara mini shinkafa.