Malama Rahila, wadda ta ce in yi musu

Malama Rahila ta rasu. Da safen nan ina goge takalmin makaranta Mama ta shigo ta faɗa mini. Na ce to. Na ci gaba da gogewa.

Har yanzu ban yi kuka ba. Ban san me ya sa ba.

Ita ce malamarmu ta Turanci a nan Kafanchan. Akwai kalmomin da mu duk "faɗa" muke fassara su: conflict, clash, disagree, contradict. Ita ba ta yarda ba. Ta ce a garin da ake rufe shaguna da an ji kalmar rikici, dole yara su san ba kowane saɓani ne faɗa ba. Contradict, in ji ta, magana biyu ce da ba za su zama gaskiya tare ba. Babu sanda a ciki, babu zagi.

Ranar da Bulus ɗan ajinmu ya ce iyayensa suna contradicting a kicin, sai da ta zauna don dariya. Ta tambaye shi ko an fasa tukunya. Ya ce an fasa. Ta ce to wannan ya wuce contradict.

Ni ba na magana a aji. A gida an koya mini yarinya ba ta musu da babba. Sai ta riƙa rubuta kuskure a allo da gangan, ta juyo tana kallona. Nakan ga kuskuren, in sunkuyar da kai.

Duk da haka ni ta zaɓa in tsaya wa makaranta a muhawarar da za a yi a Fadan Kagoma ran Asabar ɗin nan.

Ran Juma'a na same ta a bakin get tana jiran mashin. Na ce Ma, ba zan iya ba, a sa wata. Ta ce zan iya. Na ce a'a. Ta gyara mini kwalar riga.

"Ladi 'yata, kin ce ba ki iya musu ba, ga shi kina musu da ni. Wanne zan ɗauka?"

Mashin ya zo, ta hau.

An ce jininta ne ya hau jiya bayan sujada a coci.

Ɗazu shugaban makaranta ya tambaye ni ko a cire sunana. Na ce a bar shi. Ban san ko murya za ta fito ba.

Ubangiji ya karɓi baiwarsa, ya ba ta hutawa, ya ta'azantar da 'ya'yanta. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a. Ni ma ku tuna da ni ran Asabar, Allah ya buɗe mini baki.