Kuɗin Iya Marasa Lamba

Har yau idan na tuna Baffa Sale sai raina ya ɓaci, ko da yake ya daɗe da rasuwa.

Muna yara, kakarmu Iya takan tara mu a bakin murhu bayan isha'i tana gasa mana dankali. Akwai tatsuniyarta ɗaya da babu Gizo a ciki. Wani soja ne aka kai wata ƙasa inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Maƙiya sun mamaye ƙasar, sun buga kuɗinsu marasa lamba, sun tilasta wa talakawa ba da shinkafa a kansu. Ranar da aka kore su, kuɗin suka zama shara. Sojan ya tsinci ƙunshi guda a cikin laka, ya kawo wa matarsa don ta san inda ya je. A nan Iya takan kwance bakin zaninta ta fito da takardun.

"Ku taɓa a hankali," in ji ta. "Kakanku ne sojan."

Sai Baffa, ɗan cikinta, ya leƙo ya ce tsohon bai wuce Ikko ba, wanke-wanke ya yi wa Turawa. Mu kuwa sai dariya, har da ni. Iya takan mayar da takardunta bakin zani ta ɗaure. Da ta rasu, ko arba'in ɗinta ba a yi ba Baffa ya cinna musu wuta, wai akwai hoton gidan gunki a jiki. Guda ɗaya na ɓoye a littafin makaranta.

Bara, ran da ba ni da aiki a asibitinmu na Shumaisi a nan Saudiyya, na kai takardar tsohuwar kasuwar Riyad wajen wani dattijo mai sayar da tsofaffin kuɗi. Ya ɗora mata madubi ya nuna mini: babu lamba, sai jajayen haruffa biyu, na farkon B. Ya ce Japanawa ne suka buga ta lokacin yaƙin duniya na biyu. B ɗin Burma ce, da ta Malaya ce da M za a gani, ginin da ke jiki ma na Burma ne. Ya taya riyal biyar. Na fizge abata ban ko yi masa sallama ba.

A cikin jirgin ƙasa na metro na yi ta kuka don haushi. Tsohuwa ta yi shekaru tana riƙe da shaidar mijinta, muna mayar da ita mai shirme, ga shi babu ita balle in ce mata na yarda.

Yanzu ni nake ba 'ya'yana labarin, rabi Hausa rabi Larabci. Da autata ta tambaya ko gaskiya ne, na miƙa mata takardar na ce ta taɓa a hankali.