Gawar da ta amsa sallama

Ina kwance cikin likkafani a wasanmu na barkwanci da waƙa a unguwar Utaiqa, nan ƙasar waje inda muke ci-rani, sai wani dattijo ya shigo a makare ya yi sallama. Ni gawa, na amsa da ƙarfi. Wuri ya kaure da dariya.

Dama abokin wasanmu Sani ne gawar, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya hana shi fita, aka saka ni. Kafin in mutu a wasan, 'yan kallo har suna gunaguni wai ba ni da muryarsa a waƙa.

Da aka tashi, dattijon ya riƙe hannuna.

Na ce, "Baba, na ɓata wasa."

Ya ce, "Ɗana, rabona da dariya haka tun ina gida. Allah ya yi maka albarka."

Alhamdulillahi, wannan addu'ar ta fi mini tafi. Da ku ne, za ku iya ƙin amsawa?