Waƙar Dakan Inna a Cikin Adaidaita

Jama'a, ina zargin an sace waƙar kakata Inna!

Yau na hau adaidaita daga Rano zuwa Rurum, sai direba ya kunna waƙar nan da ake yayi. Wallahi waƙar dakanta ce, kiɗa kawai aka sa mata.

Na ce, "Malam, wa ya rubuta?"

Ya duba waya ya ce, "Wani Nura, ɗan Rurum."

Nura ɗaya na sani, ɗan kawuna. Da sallah ya yi ta kara wa Inna waya a baki, wai tarihi yake ajiyewa.

Da na isa gida, na kunna mata waƙar. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ƙyale shi. Malalacin da ake zagi a amshin, ai ubansa na yi wa."