Rabin Ƙwayar Kaltum

Kaltum ƙanwar uwata ce, kuma tunda nake ban taɓa ganin ta kai loma baki ita kaɗai ba. A Tumur take tsinkar tattasai. Ko goro ɗaya ta samu a gona, sai ta fasa shi ta miƙa wa ta kusa. Muna yi mata tsiya cewa ranar da za a binne ta ma sai ta raba likkafanin.

Da 'yan bindiga suka kore mu, muka kafa bukkoki a Gagamari. Tari ya kama ta. Kowa ya ce yajin tattasai ne, alhali rabonta da gona shekara guda. Likita ya ce tarin fuka ne. Da yake an hana hawa moto, wato babur, hanya kuma ba lafiya, sai aka dinga ba ta maganin wata guda a dunƙule, a ce ta je ta sha. Iyakar bayanin ke nan.

Maƙwabciyarta Safara'u, 'yar gudun hijira daga Damasak, irin tarin take yi, amma tsoron shingen soja ya hana ta zuwa likita. To me kuke tsammani? Kowace safiya sai Kaltum ta sa haƙori ta raba ƙwayar maganinta biyu, ta ba ta rabi.

Tarin Kaltum ya lafa, ya dawo da jini. Na kai ta Diffa, inda akwai na'urar da ake zuba wa kaki ta karanta halittar ƙwayar cutar, ta faɗi ko magani yana cin ta. Na'ura ta ce cutar Kaltum ta gagari maganin. Rabi-rabin nan bai kashe cutar ba, horar da ita ya yi.

Manjo, babban ma'aikacin jinya, ya hau ta da faɗa. "Mi ya kai ki? Magani tuwo ne?"

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wa ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata? Sun kawo na'ura mai ganin cikin ƙwayar cuta, amma an rasa mai yi wa tsohuwa magana biyu da yarenta na Barbarci!

Aka kwantar da ita, aka kawo sabon magani, wanda dole a haɗiye a gaban manjo. Kaltum ta rufe baki gam.

"Ɗana," ta ce masa, "tarinmu ɗaya da Safara'u. A sa nata kakin a injin, sa'an nan in sha."

Da rarrashi ya ƙi ci, manjo ya ba ni kwalba, na shiga motar kasuwa zuwa Gagamari. Na tarar ana zaman makoki a ƙofar bukkar Safara'u. Da hantsi aka kai ta.

Na dawo da kwalbar ba komai, na ajiye a gaban Kaltum. Ba ta tambaye ni ba. Ta daɗe tana juya ƙwayar a tafin hannu, ta waiga dama, ta waiga hagu, sannan ta haɗiye ta ɗungurungum tana kuka.