Rigar Ɗiyar Ƙanena

Ina kan keken ɗinki da hantsi wayata ta yi ƙara. Matar ƙanena ce daga Fatakwal. Tana kuka tana magana da Turanci, da sauri, ni kuwa ban tsinci komai ba sai sunansa. Na miƙa wa maigidana wayar. Ya saurara, ya yi salati, ya zauna a bakin ƙofa. A fuskarsa na ga rasuwar ƙanena. Wadda take kansa lokacin da ya cika ta gaya mini da bakinta, ban ji ba.

Ni na goye shi. Aiki ya kai shi can, ya auri 'yar can, suka haifi ɗiya ɗaya, can kuma aka yi masa sutura. Da matarsa da ɗiyar suka zo zaman makoki gidanmu na Ƙofar Kware, yarinyar ta manne mini. Ba ta wuce shekara takwas ba. Hausarta duka "Goggo" ce da "sannu". Tana ta ba ni labari, ni ina shafa kanta kawai.

Ranar da za su koma, Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni ɗakinta.

"Ɗiyar ga jininmu ta," in ji ta. "Ni na tsufa, ke ad da sauran kunne. Kak ki bari ta ɓace muna."

Uwar yarinyar ta yi mana kirki, duk Lahadi sai ta kira ta miƙa mata waya. Malam, maigidana, shi ne tafinta. Amma kafin ya juya mini magana ɗaya, yarinyar ta wuce zuwa wata, kafin ya juya mata amsata ta gaji da jira. Yaro ba ya buɗe cikinsa ta bakin wani. Hirar ta yi ta gajarta har ta koma gaisuwa. Na ga abin da Inna take tsoro yana zuwa.

Na gama firamare, na ɗan taɓa sakandare. In an rubuta Turanci ina iya bin sa a hankali. Kunnena ne bai saba ba. Wata malamar makaranta da ke kawo mini ɗinki ta sa mini manhajar bidiyo a waya, ta nuna mini inda ake rage saurin magana da inda rubutu yake fitowa a ƙasa. Darussan da ta zaɓa mini na matafiya ne, yadda ake tambayar ɗaki a otal da yadda ake shiga jirgi. Ban jima ba na gaji da su.

Wata rana na ci karo da wata mata tana koyar da yankan riga. Nan na tsaya. Aikina ne, kafin ta ɗauki almakashi na san abin da za ta yi, sai kawai in kasa kunne in ji yadda za ta faɗe shi. Da na lura idona yana gudu zuwa rubutun yana yi wa kunne aikinsa, sai na riƙa rufe ƙasan wayar da guntun ƙyalle.

Yadda aka koya mana a makarantar allo haka na yi. Ba a wanke allo sai an biya. Bidiyo ɗaya sai in yi kwanaki ina maimaita shi, wayar a jingine jikin keke, sai ya zauna sannan in ƙara wani. Malam yakan leƙo ya ce, "Baturiyar Ƙofar Kware, yau an wanke, ko ana nan wurin hannun riga?" Daga baya na koma bidiyon matan kudu masu girki, don maganarsu ta fi kama da ta yarinyar. Na yara su suka fi ba ni wuya. Ba sa jiran kowa.

Wata Lahadi Malam ya tafi ɗaurin aure Tudun Wada, wayar ta shigo ni kaɗai. Na daɗe ina kallonta kafin na ɗauka. Na roƙi yarinyar da Turancina ta yi magana a hankali. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta fara jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai koya wa jariri.

Ta ce babanta ya gaya mata ni na ɗinka masa rigar salla yana yaro, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma haka ya je idi da ita yana taƙama. Gaskiya ne. Lokacin ina koyo, na ma manta. Na ji wannan da kunnena, babu kowa tsakanina da ita. Ta tambaye ni ko zan ɗinka mata tata, amma hannuwan su zo daidai. Na ce in sha Allahu.

Uwarta ta ɗauko tef. Ina faɗin kafaɗa, ƙugu, hannu, da kalmomin matar bidiyo, tana aunawa tana gaya mini. Da muka gama uwar ba ta kashe wayar ba. Ta fara ba ni labarin yinin da ƙanena ya rasu, abin da ya ci, abin da ya ce. Na ji kamar rabi. Ban ce ta maimaita ba. Ita da kanta ta ce duk ranar da na shirya za ta sake faɗa mini daga farko.

Yanzu hirarmu da yarinyar tana daɗewa, ta kuma koyi cewa "ina kwana" ko da yamma ne. Inna takan matso ta ji muryarta. Sun ce za su zo a dogon hutu.

Rigar tana rataye a bayan ƙofa, hannuwanta daidai. Yara suna saurin tsawo, don haka ban ɗinke bakinta ba sai ta zo na gwada. Sauran rabin labarin ma ban nema ba tukuna.